Yoyon hanyar abinci bayan tiyata: abin da ya kamata mu sani

Jama'ar Galma da ƴan uwa na nesa, mun san yoyon fitsari, to hanyar abinci ma tana yoyo. Akan yi wa wannan hanya aiki saboda ciwon daji, ko in yaro ya sha sodar sabulu ta ƙone ta. Wani lokaci ɗinkin kan buɗe, galibi cikin kwana 10 na farko, sai miyau da abinci su riƙa zuba cikin wuya ko ƙirji.

Alamominsa: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, miyau ko mugunya daga wurin ɗinki, ko tari da zarar an haɗiyi abu.

In mun ga haka bayan sallama, kar mu ba majinyaci komi ta baki, ko fura ko rubutu. A kai shi asibitin Madawa ko na Galmi nan take, da takardunsa. Likitoci kan ciyar da shi ta tiyo, su zuƙe mugunya, su ba da maganin ƙwayoyin cuta, wani sa'in a sake aiki.

Yoyon wuya yakan warke da wankin rauni. Na ƙirji kuwa yana kisa in an yi jinkiri. Ƴan uwa na nesa, kuɗin mota a fara turowa.