Sankarar Laka: Yadda Aka Gano Ta da Yadda Aka Soma Yi Mata Tiyata

Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙari yakan tsiro a gefenta ko a cikinta. Na cikin ba shi da yawa, kashi 2 zuwa 4 ne cikin ɗari na ƙarin da ke kama ƙwaƙwalwa da laka, kuma mugun iri mai saurin yaɗuwa ya fi haka ƙaranci. Yakan fara da ciwon baya mai hana barci, sai ƙafa ta mutu, daga baya fitsari ya ƙi riƙuwa.

Har ƙarshen ƙarni na 19, sai bayan mutum ya rasu ake ganin abin da ya kashe shi. A 1887 William Gowers, likitan jijiyoyi a Landan, ya duba wani hafsan soja da ƙafafunsa suka shanye, ya ce ƙari ne ke danne masa laka. Victor Horsley ya buɗe bayan, bai ga komai ba, har ya yi niyyar rufewa. Charles Ballance, da ke taimaka masa, ya matsa a ƙara cire ƙashi ta sama, sai ga ƙarin. Hafsan ya sake taka ƙasa. Sai dai nasa a wajen laka yake, kuma ba sankara ba ce.

Tsaga lakar kanta shi ne abin tsoro. Anton von Eiselsberg ya yi hakan cikin nasara a Biyana a 1907. A New York kuwa, Charles Elsberg yakan tsaga laka ya rufe, ya jira kamar mako guda ƙarin ya turo kansa waje, sannan ya koma ya cire. Dabara ce ta wanda ba ya ganin abin da yake yanka sosai. Gani ya zo sannu a hankali: a farkon shekarun 1920 Sicard da Forestier a Faransa suka riƙa zuba mai mai sinadarin aidin a kewayen laka don ya fito a hoton eksire, madubin tiyata mai ƙara girman abu ya shigo a shekarun 1960, hoton MRI a shekarun 1980.

Abin da aka fahimta shi ne iyaka ce ke yanke hukunci. Irin ƙarin da ake kira ifendimoma, wadda ta fi kama manya, tana da iyaka tsakaninta da laka, ana iya ɓare ta gaba ɗaya. Astirosaitoma, wadda ta fi kama yara, takan cuɗanya da jijiyoyin. Fred Epstein ya nuna a shekarun 1980 cewa ana iya cire mafi yawan mai sauƙin irinta a jikin yara, amma muguwar ta gagari wuƙa.

Yanzu an koma duban ƙwayoyin gado. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wani mugun iri mai sauyin H3 K27M, a 2021 ta ƙara ifendimomar laka mai yawan ƙwayar gadon MYCN. Sunayen sun fi maganin ci gaba: har yau tiyata da gashi da na'ura ne madogara, kuma mai mugun irin ba kasafai yake wuce 'yan shekaru ba.