Abubakar Albaiɗar, Mai Sa wa Dawakin Sarkin Misira Takalmi

A Larabcin yau kalmar baiɗari na nufin likitan dabbobi, amma a zamanin da, mutum guda ne yake yanke wa doki kofato, ya sa masa takalmin ƙarfe, ya kuma yi masa magani. A cikin masu wannan sana'a, wanda tarihi ya fi riƙe sunansa shi ne Abubakar ɗan Badaruddin, wanda ya rasu a 1340.

Gadon sana'ar ya yi daga mahaifinsa, ya kuma ƙare rayuwarsa a kanta, har ya zama babban baiɗari a bargar Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun a Alƙahira. Wannan sarkin ne Mansa Musa na Mali ya tarar a kan gadon mulki a 1324, a hanyarsa ta zuwa hajji. Mutum ne mai tsananin son dawaki, yana zuba dukiya wajen sayen na Larabawa, su kuwa Mamluk ƙarfin daularsu a bayan doki yake.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Kofato yana tsiro kamar farce, don haka duk bayan mako 6 zuwa 8 sai an cire takalmin, an gyara kofaton, an sake dasawa. Ƙusa tana shiga ta gefen da ba ya jin zafi. In ta kauce kaɗan ta taɓa nama, dokin da aka saya da dinare masu yawa ya gurgunce. Kowace safiya amanar sarki tana tsakanin gudumarsa da ƙusarsa.

Abin da ya raya sunansa shi ne alƙalami. Ya rubuta wa sarkin littafin Kamilus Sina'ataini, wanda ake kira Annasiri, a kan kiwon doki da maganinsa, har da sashe na takalma da ƙusoshi. Ya haɗa maganar magabata da abin da ya gani a hannun mahaifinsa da wanda ya gwada da kansa. Bayan shekaru 500, wani Bafaranshe mai suna Perron ya fassara shi zuwa Faransanci.

A ƙasar Hausa ba a saba sa wa doki takalmi ba, sai dai gyaran kofato, amma muna da maƙeran linzami da likkafa, da masu kula da barga a ƙarƙashin Shamaki. Iliminsu a ka yake, yana bin su kushewa. Duk wanda Allah ya bar masa irin wannan dattijo a zangonsu, ya ɗauki takarda ya zauna gabansa tun yana iya magana.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a sana'ar hannu.