Ciwon da Asibiti Ɗaya Bai Isa Ya Gano Maganinsa Ba

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ciwon zuciya ya san wannan bugun tun kafin a jawo na'ura. Ka ɗora yatsu uku a wuyan hannun majinyaci, sai ka ji bugu biyu sun zo a jere, a ɗan yi tsit, wani mai ƙarfi ya biyo, sannan raunana su rugo a guje. Ba ka iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo. Mu a asibiti AF muke ce masa. Ɗakuna biyu na saman zuciya ne suka daina matsewa, sai karkarwa, jini ya riƙa kwanciya a wani lungu na ɗakin hagu har ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle ya haye ƙwaƙwalwa, ranar mutum ke wayar gari da shanyewar ɓarin jiki.

Gane ciwon bai ɗauki lokaci ba. A 1905 Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan ya ja waya mai tsawon kilomita ɗaya da rabi daga asibitin jami'a zuwa ɗakin bincikensa, saboda na'urarsa ta auna lantarkin zuciya ta kai kilo 270, ba ta ɗaukuwa. Majinyaci na asibiti, zanen bugunsa na fita a wani gini. A 1909 Thomas Lewis na Landan ya nuna cewa karkarwar ɗakunan sama ce ke haddasa wannan rikitaccen bugu. Abin da za a yi wa mai ciwon don kada ya shanye kuwa, sai da aka yi shekara tamanin ana gardama a kansa.

Ba rashin magani ya jawo haka ba. Tun 1954 aka amince a ba mutane warfarin, maganin tsinka jini da ya fara shiga kasuwa a matsayin gubar ɓera. Matsalar ta lissafi ce. Cikin masu AF ɗari da ba sa shan magani, kamar biyar ne ke shanyewa a shekara, don haka likitan da ke duba mutum hamsin zai ga biyu ko uku, kuma da wannan ba zai taɓa sanin ko maganinsa na aiki ba. Ga kuma halin ɗan Adam. Wanda ka ba warfarin ya zo yana aman jini, kai ka sa hannu a takardarsa, danginsa sun san fuskarka. Wanda maganin ya tsare bai shanye ba, yana kasuwa yana harkarsa, ba wanda zai zo ya ce maka an gode. Shi ya sa manyan likitoci da yawa suka gwammace su ba da asfirin su kwana lafiya.

Binciken garin Framingham a Amurka ne ya fara tayar da hankali. A 1978 ya nuna AF na ninka haɗarin shanyewa sau biyar, idan kuma akwai lalacewar ƙofar zuciya, sau 17. Daga 1989 zuwa 1992 aka kammala gwaje-gwaje biyar, na farko a Denmak da mutum 1,007, sauran a Amurka da Kanada. Kowanne shi kaɗai ana iya yi masa musu, domin waɗanda suka shanye a cikinsa ba su da yawa. Sai masu binciken suka yi abin da ba a saba ba a lokacin: kowa ya fito da bayanan majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, aka zuba wuri guda. Sakamakon ya fito a 1994, warfarin na rage shanyewa da kashi 68 cikin 100. Nan gardama ta mutu.

Gwajin da ya fi ba mu mamaki shi ne na 2002. Abin da aka koya mana shi ne a mayar da bugun kan hanya ko ta halin ƙaƙa, da jan lantarki a ƙirji irin wanda Bernard Lown ya fito da shi a 1962, ko da ƙwayoyi masu zafi irin amiodarone. Hankali ma haka ya ɗauka. Sai asibitoci sama da 200 na Amurka da Kanada suka haɗa mutum 4,060 a gwajin AFFIRM, aka tarar waɗanda aka rage musu gudun zuciya kawai ba su fi mutuwa ba. Mafi yawan waɗanda suka shanye kuwa, ko an dakatar musu da warfarin, ko jininsu bai tsinke yadda ake so ba. Tun daga nan muka daina cire wa mutum maganin don kawai bugunsa ya daidaita ranar da ya zo. Daga baya an sake gyara zancen: gwajin da asibitoci 135 na Turai suka yi ya nuna a 2020 cewa daidaita bugun na da amfani idan aka yi shi da wuri.

To, amma warfarin magani ne mai wuyar sha'ani. Akwai gwajin jini da ake kira INR, ana son lambarsa ta tsaya tsakanin 2 da 3. Ta sauka, gudan jini. Ta haura, zubar jini. Tsohuwa za ta zo da ɗan littafinta duk ya tattare a gefen zani, ka duba ka ga wancan watan 2.4, yau 5.8. Ka ce, “Mama, me kika sha?” Ta ce ba komai, sai 'yarta ta tuna an ba ta Flagyl a kemis saboda gudawa. Wani kuma maganin tarin fuka aka fara ba shi a wani asibiti, lambarsa ta faɗi ƙasa warwas, ba wanda ya gaya wa wani. Saboda haka da sabbin magungunan da ba sa buƙatar wannan gwaji suka zo, murna muka yi. Na farkonsu, dabigatran, an gwada shi kan mutum 18,113 a ƙasashe 44, aka bayyana sakamako a 2009.

Sai dai manyan gwaje-gwajen nan sun ware masu tsukewar ƙofar zuciya, wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. A Turai da Amurka irin waɗannan sun yi ƙaranci. A wurinmu su ne ke cika benci. Rajistar REMEDY, wadda asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman suka haɗa, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta ƙirga masu ciwon ƙofar zuciya 3,343. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, ɗaya cikin biyar na da AF. Cikin waɗanda aka auna wa INR, kashi 28 cikin 100 kacal lambarsu ke inda ake so. Kowa ya ɗauka sabon magani ne zai fid da mu.

Ba haka aka gani ba. Gwajin INVICTUS, da aka yi a ƙasashe 24 har da Najeriya kan mutum sama da 4,500, ya nuna a 2022 cewa masu shan tsohon warfarin sun fi masu shan sabon maganin rivaroxaban tsira da rai. Har yau ana muhawara kan dalili. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, masu warfarin dole su riƙa zuwa ana duba jininsu, kuma a cikin gwajin sama da rabinsu lambarsu ta daidaita. Wato ba majinyatanmu ne ba su iya shan magani ba. Da suka sami wanda ke kiransu idan sun yi fashi, sun sha.

A wannan ɓangaren ne har yanzu muke baya. Haɗa alƙaluma tsakanin asibitoci mun iya, haɗa majinyaci ɗaya tsakanin asibiti biyu ya gagara. A ga mace a asibitin koyarwa, a ɗora ta kan warfarin, ta koma garinsu inda babu injin INR, kuɗin mota ya fi kuɗin gwajin. Mutanen Maastricht a Holan sun nuna a 2012 cewa ƙwararriyar nas da ke bin tsari a rubuce, likita na sa ido, tana rage kwanciya asibiti da mutuwa. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa asibitoci takwas, amfanin ya fito ne a inda nas-nas ɗin suka goge, abin da ke nuna sai an tura mutane sun koyo, aika takarda ba ta wadatar.

Abokan aiki a manyan asibitoci, kada mu sallami mai warfarin sai mun rubuta masa inda zai auna jininsa kusa da gida, da lambar wayar da ma'aikacin can zai kira idan sakamako ya fito. Kai kuma mai karatu, in akwai mai shan maganin nan a gidanku, ya riƙa tafiya da littafinsa duk inda za a rubuta masa wani magani, ko da kemis ne.