Jijjigar zazzaɓi ga yara: gado da awon ƙwaƙwalwa

Jijjigar zazzaɓi ita ce taune-taunen da ke kama yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko fiye, ba tare da cuta ta shiga ƙwaƙwalwa ba. A Turai da Amurka tana samun yara 2 zuwa 5 cikin ɗari. Mai sauƙin ba ta kai minti 15, tana kama jiki duka, kuma ba ta maimaituwa cikin awa 24.

Abin yana bin jini. Yaron da mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi ya fi saurin kamuwa, kuma kusan ɗaya cikin uku sukan sake yi. A 1997 Ingrid Scheffer da Samuel Berkovic na Ostareliya sun bayyana wasu iyalai da jijjigar ke zarce shekara 6, wani lokaci ta haɗu da farfaɗiya. Daga baya an gano cewa a wasunsu matsalar tana cikin ƙwayar gado mai suna SCN1A, wadda ke tsara shigar sinadarin sodiyam cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma sanadin mafi yawan ciwon Dravet, mai tsanani amma ba kasafai ba, wanda likitar Faransa Charlotte Dravet ta bayyana a 1978.

Awon EEG yana zana motsin wutar ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake liƙawa a kai. Ga jijjiga mai sauƙi ba a buƙatarsa, don ba ya nuna ko za ta dawo. Likita yakan nemi a yi shi idan ta daɗe, ta kama ɓangare guda, ko ta zo babu zazzaɓi. Galibin yaran ba sa zama masu farfaɗiya.

A Dogarawa, Malbaza, Ƙonni da Illela abin da ya fi gaggawa shi ne sanin tushen zazzaɓin: na cizon sauro da damina, sanƙarau da rani. Dukansu suna kisa, kuma suna iya farawa da jijjiga. Kada a ce gado ne a zauna gida.

A kwantar da yaron a gefensa, a sassauta tufafi. Kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a yi masa hayaƙi. Da ta lafa a kai shi CSI mafi kusa. Idan ta wuce minti 5, wuyansa ya sanƙare, ko bai farfaɗo ba, a garzaya da shi babban asibiti, kamar na Galmi ko na Ƙonni.