Hasken Da Aka Rasa Sunansa

A shekarar 1895 wani masani Bajamushe, Rontgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa nama ya nuna ƙashi. Da ya rasa sunan da zai ba shi, sai ya kira shi X, watau abin da ba a sani ba. Da shi a ke ɗaukar hoton ƙirji a asibiti.

A 1913 wani Bature na Ingila, Moseley, ya nuna cewa kowane irin ƙarfe yakan ba da nasa irin hasken nan mai alama ta dabam, kamar yadda a ke gane mutum da zanen fuskarsa.

A 1962 Giacconi da abokansa suka harba roka daga Amurka, suka tarar hasken nan yana kwararowa daga wajen taurarin Kunama, ba a san mafarinsa ba. Sai 1966 aka dace da wani ɗan tauraro dishi-dishi a daidai wurin. Daga baya aka gane gawar tauraro ce mai tsananin nauyi, tana zuƙe jikin maƙwabcinta, abin da ta zuƙa yana yin zafi har ya ba da hasken.

To, kada mai karatu ya ce wannan zancen sama ne kawai. A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙasar Anka da Bukkuyum, da amai da farfaɗiya, aka yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Da likitocin MSF suka aika da jini aka auna, sai ga dalma. Amma daga ina? Masana suka shiga Dareta da 'Yargalma da ɗan injin hannu mai aiki da hikimar Moseley, suna haska ƙasa gida gida. Dalmar tana cikin dutsen zinariyar da a ke niƙawa a tsakar gida, inda yara ke wasa. Yara kamar 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara magani, mutuwa ta ragu ƙwarai. Bagega ba ta sami nata aikin ba sai 2013.

Ashe ilmin da ya ba tauraro suna shi ya tona asirin mai kashe yara. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.