Asalin Kalmomin Katifa da Matashi a Harshen Ingilishi

Masana lugga sun daɗe da lura cewa al'umma ba ta cika aron suna ba sai ta ari abin da ake kira da sunan, saboda haka duk wanda ya bi diddigin kalmomin da Turawan Ingila ke kiran shimfiɗa da matashi da sauran kayan taushi da su, lalle zai ga yadda mutanen wannan tsibiri suka tashi daga kwana a kan ciyawa da ƙaiƙayi har suka kai ga kwanciyar alfarma, zai kuma san ko su wane ne malamansu a wannan fanni.

Daga cikin mafi tsufan kalmomin akwai "bolster", wato dogon matashi, wadda suka gada daga kakanninsu, asalinta kuwa yana komawa ga ma'anar kumburi. Amma "pillow", matashin kai, duk da daɗewarta a bakinsu aro ce daga Latin, harshen Rumawa, inda ake cewa "pulvinus". Da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, sai ga shi wajen 1300 an soma ganin "cushion", matashin zama, da "quilt", mayafin da ake cusa wa ulu ko gashin tsuntsu a bi shi da ɗinki, dukansu biyu ta hanyar Faransanci suka shigo.

Sai dai mafi girman rabo a wannan babi na Larabci ne, kuma dalilinsa a fili yake. Musulmi sun shiga Andalus a 711, sun fara cin tsibirin Siƙilliya a 827, suka yaɗa noman auduga a ƙasashen biyu. Daga baya kuma, tun daga 1096, Yaƙe-yaƙen Salibi da fataucin mutanen Venis da Jenowa suka kai Turawa biranen Sham da Masar, inda suka iske mutane suna zama suna kwana a kan shimfiɗu masu kauri da ake jefawa a ƙasa. Larabawa suna kiran wurin da ake jefa abu "maɗrah", daga fi'ilin "ɗaraha", wato ya jefa. Italiyawa suka mai da ita "materasso", Faransawa suka karɓa, har ta iso Ingila ta zama "mattress". Ta wannan hanya ce "ƙuɗun", wato auduga, ta zama "cotton", alhali mutanen Sifen sun riƙe ta da alif da laminta suna cewa "algodón". Har rigar yaƙin da barade ke sawa ƙarƙashin sulke, mai cushe da auduga kamar lifidin dawakin sarakunanmu, "acton" suka kira ta, ita ma daga "al-ƙuɗun".

Wadda ta fi dacewa ɗalibin ilmi ya tsaya a kanta ita ce "sofa". Asalinta "suffa", dakali ko rumfa, kalmar da aka san Ahlus Suffa da ita, wato matalautan Sahabbai irin su Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, waɗanda suka lizimci rumfar Masallacin Madina don neman ilmi. Turkawan Daular Usmaniyya suka kira ɗagaggen ɓangaren ɗaki da aka shimfiɗa wa dardumai da matasai da wannan suna, matafiya suka kai shi Ingila a farkon ƙarni na 17, bayan kusan shekara ɗari ya koma sunan doguwar kujera mai taushi. Haka "divan", daga "diwani" na Farisanci, ta tashi daga majalisar sarki ta koma sunan shimfiɗar da 'yan majalisa ke zama a kai.

Bayan kalmomin sun zauna da ma'anarsu ta haƙiƙa, sai majazi ya biyo baya. A zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, manyan gari suna cusa wa tufafinsu auduga don su yi ƙasaita, ana kiran abin cusawar "bombast". Kafin ƙarni na 16 ya ƙare an soma kiran magana mai kumburi marar nauyi da wannan suna, har ga shi yau ma'anar farko ta shuɗe, ta biyun ce ta wanzu. Irin wannan ne ya sami "padding", wadda ake faɗa ga kalmomin da marubuci ke ƙarawa don cika takarda kawai, abin da malaman balagar Larabci suka riga suka kira "hashwu", wanda shi ma asalinsa cusa abu a cikin matashi ne. Ta fuskar yabo kuwa, "bolster" ta zama ƙarfafa gwiwa, "cushion" ta zama rage zafin musiba.

A 1929 ma'aikatan kamfanin Dunlop a Birmingham suka gano yadda ake kaɗa ruwan roba ya yi kumfa ya daskare, aka kira shi "foam", tsohuwar kalmarsu ta kumfa, shi ne mafarin katifar soso wadda ta kori ta auduga da ta rimi daga gidaje masu yawa. A zamanin mulkin Ingilishi Hausa ta karɓi "filo" da "kushin", amma "katifa" ta riga su zuwa, kai tsaye daga Larabci.

Ya kamata mai koyon Ingilishi ya riƙe wannan da kyau: harshen da yake gani cikakke a yau da aro ya cika, kuma babban kaso na abin da ya ara a babin hutu da jin daɗi daga ƙasashen Musulmi ya fito.