Tarihin Gimmick!, Wasan Bidiyon da Ya Iso Bayan Kasuwa Ta Watse

A ranar 31 ga watan Janairu na shekarar 1992, kamfanin Sunsoft na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Gimmick! domin na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo. Jarumin wasan wata 'yar halitta ce koriya, mai manyan idanu da ƙaho ɗaya a ka, ana kiranta Yumetaro. A lokacin wasan bai samu karɓuwa ba. Dillalai sun juya masa baya, an fasa sayar da shi a Amurka, a Turai kuma ƙasashen arewacinta kaɗai ya leƙa. A yau masana tarihin wasanni suna lissafa shi cikin ayyuka mafi inganci kuma mafi wuya da aka taɓa yi wa wannan na'ura. Tarihinsa yana nuna yadda aiki mai kyau kan nutse idan ya zo a kan tsohuwar na'ura, a makare, da siffar da ta saɓa wa abin da ke cikinsa.

Zamanin da ya haife shi

Nintendo ya fara sayar da Famicom a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983. A 1985 na'urar ta shiga Amurka da sabon suna, wato NES, kuma a wannan shekarar ce wasan Super Mario Bros. ya fito ya ɗaga darajarta. Kafin a daina ƙera ta an sayar da fiye da miliyan 60 a faɗin duniya. Ana sa mata wasa ne a cikin kaset na roba mai ɗauke da ƙwayoyin lantarki, a soka shi a jikinta, hoto ya bayyana a talabijin.

Sunsoft, wanda reshe ne na kamfanin lantarki na Sun da ke jihar Aichi, yana cikin waɗanda suka ƙware a kan wannan na'ura. Shi ya yi Atlantis no Nazo a 1986, da Blaster Master a 1988, da wasan Batman wanda aka gina a kan fim ɗin 1989. An san ma'aikatansa da iya tatso hoto da sauti daga Famicom fiye da yadda ake zaton za ta iya bayarwa.

Sai dai zamani bai tsaya jiran kowa ba. Kamfanin Sega ya fito da Mega Drive a 1988, Nintendo kuma ya bi baya da Super Famicom ranar 21 ga Nuwamba, 1990. Waɗannan sabbin na'urori sun fi tsohuwar launuka da sauri da daɗin sauti nesa ba kusa ba. Zuwa farkon 1992, hankalin masu shaguna da mujallu da yara duk ya koma kansu. A cikin wannan yanayi ne Tomomi Sakai, wanda ya tsara Gimmick! kuma ya rubuta manhajarsa, ya ƙudura yin wasan da zai kara da na sabbin na'urori alhali yana kan tsohuwa.

Labarin wasan da yadda ake buga shi

Labarin gajere ne, kuma da hotuna ake ba da shi. Wani uba ya shiga shagon kayan wasan yara domin ya saya wa 'yarsa kyautar ranar haihuwa. Yumetaro, wanda ya ɓuya a cikin 'yan tsana, shi aka ɗauka bisa kuskure. Yarinyar ta so shi fiye da sauran kayan wasanta, kishi ya kama su, suka sace ta cikin dare zuwa wata duniya. Yumetaro ya bi sawunsu domin ya dawo da ita.

Babban makaminsa shi ne tauraro. Idan ɗan wasa ya danne maɓalli, tauraron yakan taru a saman ƙahon Yumetaro, idan ya saki sai ya wurga shi. Tauraron ba ya tafiya a miƙe kamar harsashi. Yakan faɗi ƙasa ya yi tsalle kamar ƙwallon roba, kuma tsayin tsallensa ya danganta da inda aka jefo shi da kuma gangaren ƙasar da ya sauka a kai. Ba a iya jefa na biyu sai na farko ya ɓace. Saboda haka duk jifan da ya kuskure yakan bar ɗan wasa hannu rabbana na ɗan lokaci, abokan gaba kuwa suna matsowa.

Babban sirrin wasan shi ne ana iya hawa kan tauraron. Ɗan wasa zai jefa shi ga bango, ya auna dawowarsa, ya yi tsalle ya dira a kansa, tauraron ya ɗaga shi zuwa wurin da ƙafa ba ta kaiwa. Wasan bai rubuta wannan a allo ba. Mutum yakan gano shi da kansa, sa'an nan ya shafe kwanaki yana koyo kafin hannunsa ya faɗa.

Shi kansa Yumetaro yana da nauyi da santsi. Idan ya hau gangare yakan zame, idan ya taho da gudu ba ya tsayawa nan take. Abokan gaba su ma ba sa kai da komowa kawai kamar yadda aka saba gani a wasannin lokacin. Sukan bi ɗan wasa, su yi tsalle su hau tudu a bayansa, wasu su kauce wa tauraro. Akwai kuma halittun da ba ruwansu da kowa, kamar tsuntsaye da kifaye, waɗanda aka zana su domin duniyar ta zama mai rai. A zango na biyu, inda ake hawa jirgin ruwa, wanda ya yi saurin isa wurin uban gayyar zangon zai tarar da shi yana barci.

Dalilin wahalarsa

Wasannin gida na wancan zamani sun gaji tsananinsu daga na'urorin ɗakunan wasa, inda mutum ke jefa tsaba ya buga na 'yan mintoci, kuma ribar mai shago tana cikin saurin faɗuwar ɗan wasa. Ban da haka, kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, ga shi da tsada. Hanyar da ta rage wa masu ƙira su sa wasa ya daɗe a hannun mai saye ita ce su tsananta shi. Gimmick! yana da zango shida, kuma gwani zai iya ratsa su cikin ƙasa da sa'a guda, amma sabon shiga yakan yi makonni bai ga ƙarshe ba.

Sakai ya ƙara wani sharaɗi a kan wannan. A kowane zango akwai wata taska da aka ɓoye a lungun da galibi sai da hawan tauraro ake isa gare shi. Wanda ya kammala zango shida ba tare da ya tattara taskokin nan ba, zai ga ƙarshe maras daɗi, domin yarinyar ba ta kuɓuta ba. Kafin zango na bakwai ya buɗe, dole ne a samo dukkan taskoki shida, kuma kada rayukan ɗan wasa su ƙare har ya nemi a ba shi damar ci gaba. Da zarar ya nemi wannan dama, taskokin da ya tara sun tafi. Ma'ana, ƙarshen labarin na gaskiya an tanade shi ne domin wanda ya ƙware ƙwarai.

A nan ne siffar wasan ta yaudari kasuwa. Hoton da ke jikin kwali ya nuna wata halitta mai ban sha'awa, irin wadda iyaye za su saya wa ƙaramin yaro. Abin da ke ciki kuwa kyan ɗan maciji ne. Yaro ƙarami zai gaji tun a zango na biyu, matashin da ke neman wasa mai tsanani kuma ba zai kalli kwalin sau biyu ba.

Sautin da babu irinsa

Famicom tana da muryoyi biyar na sauti a cikinta. Amma an ƙera ta yadda kaset zai iya zuwa da nasa kayan sautin ya haɗa da na na'urar. Sunsoft ya yi amfani da wannan ƙofa, ya sa wa kaset ɗin Gimmick! wata ƙwayar lantarki mai suna Sunsoft 5B, wadda aka gina a kan fasahar sauti ta kamfanin Yamaha, ta ƙara muryoyi uku. Masashi Kageyama ne ya tsara kiɗan, Naohisa Morota kuma ya shigar da shi cikin manhaja. Sakamakon ya fito da kauri da zaƙin da ba a saba ji daga wannan na'ura ba. A duk wasannin da aka sayar domin Famicom, Gimmick! kaɗai ya yi amfani da sautin wannan ƙwaya.

Yadda ya nutse

Sakai ya bayyana daga baya cewa dillalai da suka ga wasan sukan ɗauka na Super Famicom ne, amma da zarar sun ji cewa na tsohuwar na'ura ne sai sha'awarsu ta gushe. Kyawun da aka sha wahala wajen samarwa bai hana su auna shi da sunan na'urar da ke ɗauke da shi ba. Ciniki bai yi armashi a Japan ba.

A Amurka an shirya fitar da shi, har wasu mujallu sun yi sharhi a kansa, sai reshen Sunsoft na can ya fasa. A wannan lokaci reshen ya karkata ga sabbin na'urori da kuma wasannin da aka gina a kan sanannun jaruman zane na talabijin. A 1993 wasan ya fito a ƙasashen Sikandinabiya da sunan Mr. Gimmick, ta hannun kamfanin Bergsala na ƙasar Suwidin, wanda shi ne wakilin Nintendo a yankin. Kwafin da aka buga kaɗan ne. Kuma da yake na'urar NES ta Turai da Amurka ba ta karɓar ƙarin sauti daga kaset kamar Famicom, sai da aka sake tsara kiɗan ya koma muryoyi biyar na asali.

Kwatanta shi da wani wasa na wannan zamani zai ƙara fito da lamarin fili. A watan Maris na 1993, fiye da shekara guda bayan Gimmick!, Nintendo ya fitar da Kirby's Adventure a kan Famicom ɗin nan dai. Shi ma jaruminsa ɗan dunƙule ne mai ban sha'awa, amma ya samu kasuwa sosai. Bambancin shi ne Kirby ya riga ya yi suna a na'urar Game Boy tun 1992, yana da ƙarfin tallan Nintendo a bayansa, kuma an tsara shi ne domin sabon shiga ya ji daɗinsa. Siffarsa da halinsa sun dace da juna. Wannan ya nuna cewa tsufan na'ura ba shi kaɗai ya kayar da Gimmick! ba. Makara ta haɗu da rashin mai tallata shi da kuma rashin tantance wanda aka yi wasan dominsa.

Akwai wani tarko da aka dasa a cikin wasan saboda masu satar fasaha, waɗanda a lokacin suke kwafar kaset suna goge sunan masu shi. Idan an taɓa rubutun da ke fitowa a gabatarwar wasan, komai zai ci gaba da aiki lafiya har sai ɗan wasa ya shiga zango na bakwai. A can ne allo zai yi baƙi, wani ɗan rubutu na Turanci mai ma'anar baƙin rami ya bayyana, wasa ya tsaya. An aro wannan ne daga Atlantis no Nazo. Tarkon yana wurin da gwanaye kaɗai ke isa, saboda haka mai kwafa ba zai lura da shi ba kafin ya kai kayansa kasuwa.

Farfaɗowarsa

A 2002 Sunsoft ya sake fitar da wasan a Japan cikin jerin tsofaffin ayyukansa na na'urar PlayStation. Abin da ya fi dawo da sunansa shi ne intanet. Manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori a kan kwamfuta sun ba mutane damar buga shi a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Bidiyon gwanaye masu tseren kammala wasa cikin ƙanƙanin lokaci ya nuna wa jama'a abin da ake iya yi da tauraron nan. Kaset na asali, musamman na Sikandinabiya, ya zama abin da masu tara kayan tarihi ke saye da tsada.

A 2020 an yi masa sabon zubi domin ɗakunan wasa, mai suna Gimmick! Exact Mix. A 2023 aka fitar da Gimmick! Special Edition a na'urorin zamani, wanda shi ne karo na farko da aka sayar da wasan a hukumance a Amurka, bayan shekara 31. An ƙara masa damar adana wasa da ta komawa baya idan an yi kuskure, abin da ya buɗe zango na bakwai ga mutanen da a da ba za su taɓa ganinsa ba. A 2024 kamfanin Bitwave Games na ƙasar Suwidin ya fitar da Gimmick! 2. Ci gaban labarin Yumetaro ya fito ne daga yankin da shi kaɗai ya karɓi wasan a wajen Japan tun farko.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana zumar kafin a same ta ranar buƙata. Gimmick! ya tsira ne domin wasu 'yan tsiraru sun riƙe kaset ɗinsa, wasu sun kwafe abin da ke ciki kafin ya lalace, wasu kuma sun nemi waɗanda suka yi shi suka ji ta bakinsu. Wasanni da dama na ƙarshen zamanin Famicom sun fito cikin irin wannan yanayi, a hannun ma'aikatan da suka kai ƙololuwar ƙwarewa daidai lokacin da masu saye suka tashi. Mai nazarin tarihin kowace fasaha, ko littafi ne ko fim ko wasan bidiyo, zai amfana idan ya riƙa duba abin da aka yi a irin waɗannan shekaru na sauyi, domin adadin ciniki na lokacin ba ya faɗin ingancin aikin. Hukuncin da dillalan 1992 suka yanke wa Gimmick! a kan na'urarsa suka yanke shi, kuma sai da aka shafe shekaru kusan talatin kafin a auna wasan da abin da ke cikinsa.